Uban da ya sa wa 'yarsa sunan habaici a takardar haihuwa: ina ikonsa ya tsaya?

Kawun Yarinya, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da ta waɗanda suka san dokar ƙasar nan a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sakat, kuma zan kawo shi yadda ya faru ba tare da na kama sunan wani babba ba, domin har yanzu ina fatan a kashe wutar cikin rufin asiri.

Ƙanwata da muke ciki ɗaya ta auri wani mutum a nan Garwa, zaman bai yi daɗi ba, har ya sake ta tana ɗauke da cikin wata biyar, ta dawo gida ta haihu a ɗakin mahaifiyarmu. Ranar suna ya aiko da rago da goro kamar yadda aka saba, amma shi bai zo ba, sai ya wakilta ƙaninsa. Da liman ya sunkuya ya tambayi sunan da za a raɗa, sai wakilin ya ce, cikin jin nauyi, wai uban ya ce a sa mata Nadama. Tabarma ɗaya muke zaune da liman, na ga ya ɗago kai ya sake tambaya, aka maimaita masa, sai ya ajiye carbinsa ya ce shi kam ba zai yi wa jaririya addu'a a kan wannan kalma ba. Aka tashi yaro ya kira kakan yarinyar na wajen uba, dattijon ya zo ya ba da haƙuri, ya ce a mayar masa da sunan mahaifiyarsa, Hauwa'u. Da wannan suna aka yanka rago, da shi aka shafa fatiha, kuma da shi muke kiranta yau shekara shida.

Ashe tun a cikin makon sunan uban ya je meri, wato ofishin magajin gari, ya yanko mata takardar haihuwa da sunan da liman ya ƙi. Takardar tana hannunsa duk tsawon shekarun nan, mu kuma sakacinmu ne da ba mu taɓa neman ganinta ba, sai a watan Satumban da ya wuce da aka tashi sa ta makaranta ya kai takardar da kansa. Ranar farko malamin aji ya kira Nadama har sau uku ba wanda ya amsa, daga baya ya gane ita ake nufi, kuma da yake yawancin 'yan ajin suna jin Hausa, kafin a tashi sunan ya zama abin waƙa a bakin yara. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci, sai da dare ta tambayi uwarta ko wane ne ya yi nadamar haihuwarta.

Na taka har gidansa na yi masa magana da lalama, ya ce 'yarsa ce, shi addini ya ba ikon raɗa suna, hukuma kuma ta karɓa ta buga hatimi, don haka babu mai tuhumarsa. Ya ƙara da cewa tunda ta isa makaranta zai zo ya ɗauke ta ta koma gidansa. Wani ɗan'uwanmu da zuciya ta ɗebe shi ya ce mu kai ƙara ofishin kula da jin daɗin jama'a a ƙwace masa duk wani iko a kanta, wai ya ji a ƙasashen Turawa ana raba iyaye da 'ya'yansu saboda mummunan suna.

Abin da nake son sani shi ne ko da gaske ikon uba a kan suna ba shi da iyaka a addini da doka, da kuma ta wace hanya ake gyara sunan da ya riga ya shiga takarda idan uban ya ƙi yarda. Sannan maganar kai shi ƙara don a raba shi da yarinyar, tana da tushe, ko kuwa garin neman gira za mu rasa ido?

Almajirin Malam, Marwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka wa limamin nan da alheri, domin abin da ya yi shi ne abin da ya kamata duk wanda aka kira raɗin suna ya yi. Surukinku ya faɗi rabin gaskiya ne ya ɓoye rabi. Malamai sun tafi a kan cewa idan iyaye suka saɓa a kan suna, maganar uba ce ake bi, tunda ga shi ake danganta yaro, amma wannan iko amana ce da aka ba shi don amfanin abin da aka haifa, kuma kyakkyawan suna yana cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa. Wanda aka ba amana ya juya ta ya cuci mai ita, ba zai kafa hujja da cewa shi aka ba ba.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunayen mutane ba sau ɗaya ba sau biyu ba, har da manyan da iyayensu suka raɗa musu tun kafin Musulunci. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa wata 'yar Sayyidina Umar ana kiranta da sunan da ke nufin mai saɓo, sai ya mayar da ita Jamila. A nan sai a kiyaye, domin a bakinmu sunan yana fita kamar Asiya, alhali Asiya matar Fir'auna da muke sa wa 'ya'yanmu wani suna ne daban mai wasu haruffa, kuma babu laifi a cikinsa. Haka kuma ya canza sunan Barra zuwa Zainab, wata Barrar kuma zuwa Juwairiyya, duk da cewa ma'anar Barra kyakkyawa ce, saboda akwai yabon kai a ciki. To, idan an canza suna mai kyan ma'ana don wannan dalili, ina ga sunan da aka zaɓa da gangan don a soki wani?

Akwai wata ƙissa a cikin Bukhari da ta fi kusa da halin surukinku. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, wato tsauri da kaushi, Annabi ya ce masa kai Sahl ne, mai sauƙi, sai ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu da kansa ya ce tun daga nan kaushin bai gushe a cikin zuriyarsu ba. Ashe Bahaushen da ya ce suna linzami ne bai yi nisa da wannan ba.

Amma a ganina abin da ya fi muni a wannan lamari ba ya cikin babin suna ma, yana cikin babin saki. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda ake maganar shayarwa, Allah ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Mutumin nan tsohuwar matarsa yake nufi da habaicin, amma bakin yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ya ara, ta yadda duk wanda ya kira ta sai ya isar masa da saƙon. Ga kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana jifan juna da munanan laƙubba, wadda ta shafi baƙo ma, balle 'yar cikinka.

Game da cewa zai ɗauke ta don ta isa makaranta, wannan al'ada ce da ta yaɗu a cikinmu har wasu suka ɗauka shari'a ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a kowane zaure, riƙon yaro bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon yana komawa ga kakar yarinya ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Uba yana nan da matsayinsa na waliyyi, ciyarwa da tufatarwa da kuɗin makaranta suna wuyansa, kuma ba a hana shi ganinta. Saboda haka ba ku bukatar ku ƙwace masa komai kafin yarinyar ta ci gaba da zama a inda take.

Shawarata ita ce ku koma ga dattijon nan da ya ceci ranar suna, idan yana raye, tare da limamin, domin su ne shaidun cewa sunan yanka Hauwa'u ne. Allah ne mafi sani.

Tsohon Sakataren Meri, Ngaundere

Na yi shekaru ina rubuta takardun haihuwa kafin na ajiye aiki, don haka bari na ɗora a kan abin da Malam ya faɗa ta fuskar doka. Mutane da yawa suna zaton hukumar Kamaru ba ta da ta cewa a kan suna, alhali tun dokar ranar 29 ga Yuni 1981 da ta tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda aka kafa a zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garinku na Garwa, an yi maganar a fili. Sashe na 35 ya ce iyaye ne ke zaɓen sunan ɗansu yadda suke so, amma ya hana sa sunan da bai dace ba kuma ya fito fili abin dariya ne ta fuskar doka, ko tarbiyyar jama'a, ko al'ada, ko abin da mutane suka yi imani da shi. Ya kuma wajabta wa jami'in rajista ya ƙi rubuta irin wannan suna, ya nemi wanda ya zo ya kawo wani, idan kuwa mai kawo sunan ya ƙi sai ya kai kukansa ga shugaban kotu, wanda zai yanke hukunci ba tare da an biya ko sisi ba.

To me ya sa aka rubuta Nadama? Ina iya kintata yadda abin ya faru, domin na zauna a kan irin wannan kujera. Sau da yawa wanda ke bayan tebur ɗan kudu ne da aka turo aiki arewa, yana jin Faransanci da harshen garinsu, wataƙila ya tsinci ɗan Fulatancin kasuwa, amma Hausa ko kalma goma bai sani ba. A kunnensa Nadama suna ne mai daɗi irin su Halima da Salima, ba shi da dalilin yin tambaya, kuma a ƙasa mai harsuna sama da 200 babu jami'in da zai iya sanin zagin kowace ƙabila. Ni kaina na taɓa rubuta wa wani mutumin kan dutse suna, sai bayan ya fita masinjanmu, wanda yarensu ɗaya, ya gaya mini cewa abin da na rubuta gori ne ga dangin matar. Saboda haka hatimin da surukinku yake taƙama da shi yana nuna cewa an karɓi bayaninsa ne kawai, ba ya nuna cewa wani ya auna ma'anar ya amince.

Yanzu da sunan ya shiga littafi, magajin gari da kansa ba shi da ikon goge harafi ɗaya, domin gyaran takardar haihuwa sai da hukuncin kotu. Akwai kuma hanyar canjin suna a ƙarƙashin dokar 1969 da ta shafi amfani da sunaye, wadda take bi ta Ma'aikatar Shari'a a Yawunde, kuma ita ta fi tsawo. Tun bayan 1981 an taɓa dokar rajista, har da gyaran 2011 da sabuwar dokar 2024, don haka ku je wurin magatakardan kotun Garwa da kwafin takardar, ku bayyana masa lamarin, ya nuna muku ƙofar da ta dace da takardun da ake nema a yau. Ku tafi da wanda zai fassara ma'anar sunan da Faransanci dalla-dalla, domin mai yiwuwa alƙalin ma bai ji Hausa ba, kuma ku sani cewa idan uban ya sa hannu a kan buƙatar, aikin zai fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ya sa nake ganin shawarar Malam ta fara bi ta kan dattijon ita ce mafi kusa.

Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah: kada ku saurari wanda zai ce ku je wata meri a ƙauye ku yanko sabuwar takarda da sunan Hauwa'u kamar ba a taɓa yi mata ba. Na san ana yi, kuma na san yana da araha, amma takarda biyu ga mutum ɗaya jabu ne a idon doka, kuma wanda ke riƙe da ta farkon shi ne mutumin da kuke rigima da shi. Ranar da ya ga dama ya fito da ita, ku ne za ku koma masu laifi. Ku kuma yi aikin tun tana ƙaramin aji, domin da takardar haihuwa ake rajistar jarrabawar CEP a ƙarshen firamare, kuma sunan da ya hau wannan sakamako shi zai bi ta zuwa BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare, da katin shaida, daga nan gyaran ya zama na takardu uku ko huɗu maimakon ɗaya.

Magidanci, Gidar

Ban goyi bayan abin da mutumin nan ya yi ba ko kaɗan, amma ina jin tsoron ƙofar da ake son buɗewa. Yau mun kira hukuma ta shiga tsakanin uba da 'yarsa saboda sunan ya ɓata mana rai, gobe wani jami'i ya ce shi kuma sunan da ni na zaɓa bai yi masa ba, jibi a ce tarbiyyar da nake ba 'ya'yana ba ta dace ba. Iyayenmu sun kashe rigingimun da suka fi wannan a zauren mai unguwa da fadar Lamiɗo ba tare da an je gaban mai baƙar riga ba. Tunda kowa a gida Hauwa'u yake kiranta, a roƙi malamin makaranta shi ma ya kira ta haka, a bar takarda da abin da ke cikinta.

Hajiya Ajuji, Kusiri

Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa 'yar ƙanwarka. Na sa jikata ta rubuta mini wannan ne saboda ni kaina mai ɗauke da sunan da wani zai kira mummuna ce. Mahaifiyata ta binne 'ya'ya huɗu kafin ni, kowanne ba ya kai yaye, har mata suka fara kiranta mai wabi. Da aka haife ni, kakata ta ɗauke ni cikin tsumma ta ajiye a kan juji bayan gida na ɗan lokaci, wata tsohuwa maƙwabciya ta je ta ɗauko ni kamar ta tsinci abin da aka yar, daga nan aka ce Ajuji. Ina da sunan yanka, amma ko mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kirana da shi ba, kuma da aka zo yi mini takarda ina babba, Ajuji aka rubuta da irin rubutun Faransawa. Malamai sun ce mana abin da kakata ta yi camfi ne, na kuma yarda, rai da ajali na Allah ne. Sai dai ban taɓa jin kunyar sunan ba ko da rana ɗaya, domin na san wadda ta sa mini shi tsoron rasa ni ne ya sa ta yi kamar ba ta so na. Haka su Ayashe da Abarshi da Bawa da muka taso tare.

Na kawo wannan ne don Magidancin Gidar yana da gaskiya ta wani gefe. Da za a fassara wa baƙon jami'i sunana da Faransanci, da ya ce iyayena sun zage ni, ya hana, alhali Nadama da ya fi daɗin faɗa ya wuce a gabansa salin-alin. Mutanen gari ne suka san wane suna aka sa don ƙauna, wane aka sa don gori, shi ya sa liman ya gane tun a kan tabarma. Amma inda na rabu da kai, ɗana na Gidar, shi ne maganar a bar takarda yadda take. Mu a zamaninmu takarda tana cikin akwati ne sai shekara-shekara, yaran yanzu kuwa da ita ake kiransu a aji, a asibiti, a kan gadar Ngeli idan za su shiga Njamena, har wurin biyan albashi. Malamin bana zai yarda ya kira ta Hauwa'u, na baɗi fa?

Maganar a raba ta da ubanta kuwa, ku cire ta daga bakinku. Ko ya yi abin kunya, ubanta ne, shi zai ba da aurenta, gidansa take da gado, 'ya'yansa ƙannenta ne. Yarinyar da ta riga ta tambaya ko wa ya yi nadamar haihuwarta, idan ta ji an kai ubanta ƙara a kanta, za ta ɗauka amsar ke nan aka ba ta. Ku gaya mata gaskiyar da za ta iya ɗauka, cewa sunanta Hauwa'u, sunan kakar babanta, wanda kakanta ya zaɓa mata da bakinsa, kuma an yi kuskure a takarda za a gyara.

Ɗalibin Shari'a, Njamena

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Zan tsaya ne a kan abin da ɗan'uwanku ya ji game da ƙasashen Turawa, domin labarin yana da asali amma an juya shi a hanya. Mafi shahara shi ne na jihar New Jersey a Amurka, inda a watan Disamba 2008 wani kanti ya ƙi rubuta sunan wani yaro ɗan shekara uku a kan kek ɗin bikin haihuwarsa, saboda iyayen sun sa masa Adolf Hitler. Labarin ya zagaya duniya, a watan Janairu 2009 hukumar kula da yara ta ɗauke shi da ƙannensa mata biyu, sai kowa ya ɗauka sunan ne dalili. Amma da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2010, abin da ta dogara da shi shi ne shaidar tashin hankali da duka a cikin gidan da hatsarin da yaran ke ciki. Sunan ya jawo ido ne kawai, kuma a Amurka ɗin ma da wata mai shari'a a jihar Tennessee ta canza wa wani jariri suna daga Messiah, wato Almasihu, zuwa Martin a 2013 saboda aƙidarta ta addini, an soke hukuncin nata, daga baya ta rasa kujerarta.

Wanda ya fi kama da naku ya faru ne a New Zealand a 2008. Yarinya ce 'yar shekara tara da iyayenta suka sa mata wata doguwar jimla ta barkwanci a matsayin suna, har ta kai ba ta gaya wa ƙawayenta sunanta na gaskiya, sai ta ce su kira ta da harafi ɗaya. Maganar ta fito ne a cikin shari'ar riƙo tsakanin iyayen da suka rabu, sai alƙali Rob Murfitt ya sa ta ƙarƙashin kulawar kotu domin a samu damar canza sunan. Wato kotu ta karɓi ikon da ya shafi sunan ne don ta gyara ɓarnar, kuma abin da ta duba shi ne halin da yarinyar take ciki a tsakanin tsararrakinta.

Tsoron da Magidancin Gidar ya nuna ma yana da misali. Faransa, wadda Kamaru da Chadi suka gaji tsarin rajistarta, ta yi kusan shekara 190 tana taƙaita sunaye a kan na kalanda da na mutanen tsohon tarihi, tun daga dokar 1803 har zuwa ta Janairu 1993 da ta sakar wa iyaye mara. Yanzu jami'i yana rubuta sunan, amma idan ya ga zai cutar da yaro sai ya sanar da mai gabatar da ƙara, alƙalin iyali ya yanke. Ta haka a garin Valenciennes aka hana wasu iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi, aka mayar da yarinyar Ella, kuma ta haka wata kotu a Toulouse ta mayar da Jihad zuwa Jahid a 2018, duk da cewa a ƙasashen Larabawa suna ne da maza da mata suke ɗauka ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Mai karatu zai iya ganin cewa ma'aunin yana bin kunnen mutanen wurin ne.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, ta ce a sashe na 7 kowane yaro yana da haƙƙin suna tun daga haihuwa, a sashe na 9 kuma ta ce ba a raba yaro da iyayensa sai in hukuma mai iko ta ga hakan ya zama dole don maslaharsa, kamar inda ake cin zarafinsa ko aka yi watsi da shi. Daga abin da Kawu ya bayyana, babu duka, babu yunwa, kuma yarinyar ba ma a gidan uban take ba. Ofishin jin daɗin jama'a zai iya yi muku amfani ta wata fuskar: ma'aikatansa suna kiran iyaye sulhu, suna kuma iya rubuta rahoton halin da yarinyar ta shiga a makaranta, wanda zai ƙarfafa buƙatarku a gaban alƙali. Idan kuma uban ya kai maganar riƙo kotu da kansa, to a nan ne sunan da ya zaɓa da dalilin zaɓensa za su zama abin da zai amsa tambaya a kai.

Kawun Yarinya, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Hajiya, domin na karanta wa mahaifiyarmu jawabinku sai da ta share hawaye, ta ce ita ma tana da yaya mai suna Ayashe da ban taɓa jin labarinta ba. Dattijon yana raye, ko da yake ƙafa ta hana shi fita, kuma jiya bayan la'asar na je na same shi. Ashe bai san abin da ke cikin takardar ba sai a bakina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce sunan mahaifiyarsa aka tsallake, don haka maganar ta zama tasa, ya kuma ce a kira masa ɗan nasa da liman ranar Juma'a bayan an sauko. Maganar ƙara mun ajiye ta, ɗan'uwan namu ma ya sauko. Shugaban makarantar ya yarda a riƙa kiranta Hauwa'u a aji, amma ya ce a littafin rajista ba zai iya rubuta abin da ya saɓa wa takarda ba, wanda ya yi daidai da abin da Baba Sakatare ya faɗa.

Saura tambaya ɗaya gare ku, Baba Sakatare. Asalin takardar tana hannun uban, kuma ban tabbata zai ba mu ita ba ko da ya yarda a gaban mahaifinsa. Na dai roƙi shugaban makarantar ya bar ni na kwafi lambar takardar da shekarar da sunan merin da ta bayar daga kwafin da ke wurinsu. Shin uwar yarinyar za ta iya zuwa da wannan lamba a fitar mata da kwafi daga littafin, ko sai uban ya je da kansa?